Layin turjiya ya hau a rijiyarmu ta Kalgo: fetur ne ko ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na kammala digiri a ilimin ƙasa da duwatsu, yanzu ina aiki da wasu masu haƙa rijiyar burtsatse. Mun haƙa wata a wajen Kalgo har mita 240, aka sauke na'urar awo. Daga mita 180 zuwa 205 layin gama, mai raba yashi da laka, ya faɗi ƙasa, layin turjiyar lantarki kuma ya hau har om-mita 80. A makaranta an ce mana yashi mai tsabta da turjiya mai yawa alamar mai ce. Mai gonar ya ji, har ya fara gaya wa mutane an samu fetur. Yaya ake karanta awon rijiya a tabbatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara kwantar wa mai gona da hankali tun maganar ba ta kai kasuwar Jega ba. Bisa abin da ka faɗa, yashi kuka samu cike da ruwan daɗi, wato ainihin abin da kuka fita nema. Abin da aka koya maka ba ƙarya ba ne, rabin magana ce, kuma a ƙasarmu ta Kabi rabin da aka bari shi ya fi muhimmanci.

Na'urar turjiya ba ta san mai ba. Abu ɗaya ta sani: ko lantarki na wucewa cikin ƙasa ko ba ya wucewa. Ƙwayar yashi ba ta ɗaukar lantarki, mai ba ya ɗauka, gas ba ya ɗauka. Mai ɗaukarsa shi ne gishirin da ya narke a ruwan da ke cikin kafofin dutse. Yawancin littattafan da ake koyarwa da su an rubuta su ne kan filayen da ruwan ƙasansu zartsi ne, wani ma ya fi na teku gishiri. A irin wannan wuri yashi mai ruwa zai nuna om-mita ɗaya ko ƙasa da haka, don haka duk inda layi ya yi tsalle zuwa 20 ko 80, sai a ce wani abu ya kori ruwan. A nan kuwa ruwan da ke cikin yashin Gwandu, wato shimfiɗar yashin da ke ƙarƙashin yankin nan, na sha ne, gishirinsa bai taka kara ya karya ba, shi kansa kusan ba ya ɗaukar lantarki. Turjiya za ta hau ko da babu ɗigon mai.

Lissafin da ya ɗaure wannan magana na Gus Archie ne, injiniyan kamfanin Shell, wanda ya fito da shi a 1942. A sigarsa mafi sauƙi:

Sw = √(Rw ÷ (Φ² × Rt))

Sw kason kafofin dutsen da ruwa ya cika ne, Rw turjiyar ruwan ƙasan shi kaɗai, Φ yawan kafofin dutsen, Rt kuma turjiyar dutsen gaba ɗaya can ciki inda taɓon haƙa, wato ruwan taɓon da ake zagayawa da shi a rami lokacin haƙa, bai kai ba. Ɗauki yashi mai kafofi kashi 25 cikin ɗari da turjiya 20. In ruwan zartsi ne mai Rw 0.05, lissafi zai ba ka Sw 0.2, wato kashi 80 na kafofin mai ne ko gas, abin a yi walima. Yashin nan dai, da turjiyar nan dai, in Rw ɗinsa 1.25 ne, Sw zai fito 1, ruwa zalla. Takardar awo iri ɗaya, hukunci biyu kishiyoyin juna, bambancin kawai lambar Rw wadda ba a rubuce take a jikin layin ba.

Naka kuwa kana da gatan da masu haƙar mai kan biya kuɗi mai yawa su samu: kana iya ɗebo ruwan da hannunka. Bayan an wanke rijiyar an yi famfo har ruwa ya washe, ka tsoma ƙaramar mitar da ake auna gishirin ruwa. Raba 10,000 da lambar da ta nuna a ma'aunin maikrosimens a kowace santimita, ka samu Rw a om-mita. In ta nuna 400, Rw 25 ke nan a zafin digiri 25. A zurfin mita 200 zafin zai kai wajen digiri 34, sai ka gyara da ƙa'idar Arps, wato ka ninka da (25 + 21.5) ka raba da (34 + 21.5), ya dawo kusan 21. Ka zuba 21 da 80 da 0.25 cikin lissafin Archie, Sw zai fito sama da 2. Ruwa ba zai cika kashi 200 na rami ba, abin da lambar ke faɗa shi ne turjiyar ba ma ta kai ta yashi mai ruwa zalla ba, balle a yi zancen mai. Dalili kuwa, idan ruwa ya yi daɗi sosai, ɗan yumɓun da ke manne a jikin ƙwayoyin yashi shi ke ɗaukar rabon lantarki mai yawa, kuma Archie bai yi lissafinsa da wannan ba. Ga shi kuma na'urorin masu burtsatse yawanci irin na dā ne, mai tazarar inci 16 da mai inci 64, waɗanda sai an yi musu gyaran faɗin rami da kaurin shimfiɗa kafin a kira abin da suka nuna Rt.

Zurfin ma ya isa ya sa ka yi tunani. Mai yana nuna ne a cikin laka mai ragowar halittu idan zafi ya kai kamar digiri 60 zuwa 120, kuma zafin ƙasa kan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 ne a kowace kilomita. Gaskiya ne mai na iya tasowa sama daga inda ya nuna, amma sai akwai zurfin da ya dafa shi a ƙasa ko a gefe, da murfin da zai tare shi. Kwarin Sakkwato, wanda ya haɗa Kabi da Sakkwato da yammacin Zamfara, gefen kudu maso gabas ne na babban kwarin Iullemmeden da cibiyarsa ke Nijar. Shimfiɗunsa sun karkata a hankali zuwa arewa maso yamma, suna ƙara kauri wajen iyaka, suna sirancewa har su ƙare a kan tsohon dutsen da ake tonon zinariya a Anka da Maru. Ana lissafa shi cikin kwarurrukan da ake son a bincika, amma ka kwatanta: rijiyar Kolmani ta biyu, a iyakar Bauci da Gombe, wadda NNPC ya sanar an samu mai da gas a cikinta a Oktoban 2019, ta haura ƙafa 13,000. Taku ba ta kai ƙafa 800 ba.

To, yadda ake karatun na gaskiya. Tun ranar 5 ga Satumba 1927 da ma'aikatan 'yan'uwan nan biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, suka yi awon lantarki na farko a Pechelbronn ta Faransa, abin da aka yi ta ƙarawa shi ne yawan shaidu. Alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, haka mai fassarar awo. Kowane layi yana da abin da yake gani da abin da ke ruɗa shi, aikinka ka haɗa su ka ga inda bakinsu ya zo ɗaya.

Kafin ka kalli kowane layi, karanta kan takardar. Can ake rubuta faɗin bakin haƙa, irin taɓon da aka yi aiki da shi da nauyinsa, turjiyar taɓon da ta ruwan da ya tsatso daga cikinsa wadda ake kira Rmf, da zafin da aka auna su a kai, da zafin ƙasan rami, da inda aka fara ƙidaya zurfi, ko daga doron ƙasa ko daga teburin injin. Matasa sukan tsallake wannan shafi don babu zane a ciki, alhali rabin kurakuran fassara daga nan suke tasowa. Rmf da aka auna a inuwa da digiri 30 ba shi ne Rmf na digiri 90 a ƙasan rami ba, ya ragu da fiye da rabi. Zafin ƙasan ramin da na'ura ta rubuta shi ma ƙasa yake da na gaskiya, don taɓon da aka yi ta zagayawa da shi ya sanyaya dutsen, shi ya sa ake ɗaukar zafin kowace saukar na'ura da sa'o'in da suka wuce tun tsayar da famfo a yi gyaran Horner, lissafin da ke kiyasta zafin na gaskiya. In fayil aka ba ka na kwamfuta, ka lura da lambar -999.25, alamar babu awo ce. Wanda ya bar ta ta shiga matsakaicin lissafinsa zai ga abin mamaki.

Daga nan sai layin faɗin rami. In an haƙa da inci 8.5 ka ga layin ya nuna 12 ko 13, bango ya zube a wurin, kuma duk na'urar da ke jingina da bango, musamman ta nauyin dutse, taɓo take aunawa. Za ta nuna maka kafofi masu yawa na ƙarya. Akwai ɗan layin gyara da ke tafiya tare da layin nauyi: in ya wuce 0.05 ka fara zargi, in ya wuce 0.1 kada ka ɗora komai a kai. In kuwa faɗin ya ɗan gaza bakin haƙa, kamar 8 maimakon 8.5, albishir ne, ɓawon taɓo ne ya taru, kuma ba ya taruwa sai inda dutse ke shan ruwa. Ka duba kuma yankin da aka maimaita awo, wanda kan kai kamar mita 60, ka ga ko zanen biyu sun hau kan juna. Awon sauti a cikin kesin ƙarfe, wato bututun da ake sa wa rami, ya kamata ya nuna maikrosakan 57 a kowace ƙafa, in bai nuna ba na'urar na da magana.

Layin gama shi ne mai raba yashi da laka. Yana ƙidaya hasken da fotasiyam da toriyam da yuraniyam ke fitarwa, su kuwa sun fi taruwa a yumɓu. Ana zaɓar lambar yashi mafi tsabta da ta laka zalla a cikin shimfiɗa guda, sai a auna kowane wuri tsakaninsu. In yashi 20 ne, laka 120, wurin da kake dubawa 60, to 40 cikin 100 ke nan, 0.4. Amma wannan lissafin miƙaƙƙe kan yi wa laka ƙari. Larionov ya kawo gyara a 1969, iri biyu: na tsofaffin duwatsu zai mai da 0.4 ɗin nan kusan 0.25, na ƙananan duwatsu marasa ƙwari kuma kusan 0.15. Yashin Gwandu yaro ne, na shimfiɗun Illo da Gundumi sun girme shi nesa, don haka ba gyara ɗaya za ka yi musu ba. Wanda ya sa iyakar laka a kashi 30 zai zubar da shimfiɗar da lissafin farko, ya karɓe ta da na biyu.

A kwarin nan namu gama yana da tarkuna nasa na gida. Lakar Dange tana da dunƙulen fosfet, fosfet kuma yana riƙe yuraniyam, sai layi ya yi tsiri fiye da abin da yumɓun ya cancanta. In ka ɗauki wannan tsiri a matsayin laka zalla, duk sauran shimfiɗu za su fito da tsabtar da ba su da ita. Akasin haka yana faruwa a yashin da ke zaune kai tsaye a kan tsohon dutse, irin na gindin Gundumi ta wajen Zamfara, inda akan samu ƙwayoyin felsfa masu fotasiyam da ba su gama ruɓewa ba, sai yashi mai kyau ya yi kama da laka. Maganin duka biyun shi ne na'urar gama mai rarrabewa, wadda ke ba da fotasiyam da toriyam da yuraniyam kowane a layinsa. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake siminti da shi a Sakkwato, gamansa ƙasa yake kamar yashi, kuma inda ya toshe turjiyarsa kan yi sama ƙwarai. Ka ga alamun nan biyu da ka kawo, gama ƙasa turjiya sama, ko dutsen da babu kafa a jikinsa yana ba da su. Haka jifsam ɗin da ake samu a shimfiɗar Dukamaje. Shi ya sa ba a zancen mai sai an auna kafofi.

Kafofi ana auna su da na'urori uku, biyu daga ciki suna ɗauke da sinadari mai haɗari: ta nauyi tana da siziyam-137, ta niyutiron tana da amerisiyam da beriliyam. Sai da lasisin hukumar kula da nukiliya ta ƙasa ake riƙe su, shi ya sa ba za ka gan su a motar masu burtsatse ba. Lissafin ta nauyi shi ne nauyin ƙwayar dutse a debe abin da na'ura ta nuna, a raba da nauyin ƙwayar a debe nauyin ruwa. Ƙwayar yashi 2.65 ce, ta farar ƙasa 2.71, ta dolomait 2.87, ruwan taɓo mai daɗi 1.0, mai gishiri 1.1, duk giram a kowace santimita kubik (cc). In na'ura ta nuna 2.25 a yashi, 0.40 a raba da 1.65, kafofi kashi 24. Ka yi kuskure ka sa 2.71, sai su koma kashi 27. Maki uku ba wasa ba ne idan aka ninka su da faɗin fili. Wanda ke taimaka maka ka san ƙwayar shi ne layin PE da ke fitowa daga wannan na'ura: yashi wajen 1.8, dolomait 3.1, farar ƙasa 5.1. Sai dai in an zuba barait a taɓo don ƙara masa nauyi, ka manta da wannan layi, barait ya rufe masa ido.

Ta niyutiron haidurojin take ƙidayawa. Ruwa da mai suna da shi kusan daidai, gas kuwa kaɗan gare shi, sai ta nuna kafofi ƙasa da gaskiya. A daidai wurin ta nauyi kuma tana nuna kafofi sama da gaskiya don gas ba shi da nauyi. Layukan biyu sai su giccye juna su buɗe baki, wannan ita ce alamar gas da kowa ya sani. In ta nauyi ta ce 30, ta niyutiron ta ce 12, sai a ninka kowace da kanta, a haɗa, a raba biyu, a cire saiwa, a samu kusan 23. A laka kuwa juyawa suke yi, niyutiron ya yi sama saboda ruwan da ke ɗaure a jikin yumɓu.

Ga inda sabon hannu ke faɗawa. Bisa al'ada ana buga layukan biyu a kan ma'aunin farar ƙasa. Yashi mai tsabta cike da ruwa, idan aka zana shi a wannan ma'auni, yakan nuna giccin maki shida zuwa bakwai ba tare da ko ƙamshin gas ba, don kawai ƙwayarsa ba farar ƙasa ba ce. Ka duba kan takarda ka ga ma'aunin da aka yi amfani da shi kafin ka kira kowa a waya. Laka kuma tana iya ɓoye gas na gaskiya, don tana jan niyutiron sama yayin da gas ke jansa ƙasa, su kashe juna. Gawayin ƙasa shi ma yakan ruɗi mutum: gama ƙasa, turjiya sama, amma nauyinsa kan faɗi ƙasa da 1.8, abin da yashi ba ya yi.

Ta uku, wato ta sauti, ba zan daɗe a kanta ba. Lissafin Wyllie na 1956 yana amfani da 55.5 ga yashi, 47.6 ga farar ƙasa, 189 ga ruwa, duk maikrosakan a kowace ƙafa, amma a yashin da bai danne ba, irin na saman kwarin nan, yakan yi ƙari sosai. Amfaninta mafi girma shi ne ɗaura rijiya da hoton ƙarƙashin ƙasa da ake ɗauka ta hanyar aika sauti cikinta.

Yanzu a dawo kan turjiya, amma da ido biyu. Taɓon haƙa ya fi ruwan ƙasa matsi, da gangan ake yin haka don kada rijiya ta yi amai, saboda haka ruwansa yana kutsawa cikin duk dutsen da ke da hanya ya ture abin da ya tarar. Shi ya sa ake auna turjiya a nisa uku ko fiye: dab da bango, tsakiya, da can ciki. Rabuwar layukan shaida ce cewa dutsen na shan ruwa, haɗuwarsu kuma ko laka ce ko toshewa, ko kuma ruwan taɓo da na ƙasa gishirinsu ɗaya ne. Wannan na ƙarshe shi ne halin yawancin rijiyoyinmu, kuma shi ke sa layin SP ya kwanta shiru. Layin SP bambancin gishiri yake aunawa tsakanin ruwan taɓo da na ƙasa. In na ƙasa ya fi gishiri sai ya karkata hagu, in ya fi daɗi sai ya karkata dama. Ka koma ka duba takardarka. In a mita 180 zuwa 205 ya kwanta ko ya leƙa dama, ka samu shaida ta biyu cewa ruwan daɗi ne.

A rijiyar mai, neman Rw shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma ya cancanta. Mafi inganci samfurin ruwan da aka ɗebo daga shimfiɗar kanta. In babu, sai a nemi yashi mai tsabta a ƙasan wurin da ake zato, wanda aka tabbata ruwa ne, a ninka Rt da Φ² a kowane zurfi. Mafi ƙanƙantar lambar da ta yi ta maimaituwa ita ce Rw, kuma inda ta ninka wannan sau uku ko fiye sai a sa ido. Zanen Pickett yana yin wannan aiki a takarda, ya kuma ba ka m, wato lambar da ke kan Φ a lissafin Archie, daga karkatar layin ruwa. Amma duk wannan ya ginu ne kan zaton gishirin bai canza ba daga sama zuwa ƙasa. A kwarin da ruwan sama ke shiga ta inda shimfiɗu suka fito fili, ya gangara cikinsu shekaru dubbai, wani yashin zai wanke ya yi daɗi, na ƙasansa da laka ta raba su ya zauna da zartsinsa. Ka ari Rw na ƙasan ka ɗora wa na saman, sai ka ƙirƙiro filin mai a takarda. Wannan kuskure ya cinye kuɗin gwaji a ƙasashe da dama.

Lambobin biyu-biyun da ke cikin Archie ma ba wahayi ba ne. Na kan Φ ana kiransa m, na saiwar kuma n, kuma ana auna su a ɗakin gwaji daga sandar dutsen da aka yanko daga rijiyar. Da Φ 0.2, Rw 0.1, Rt 10, in m 1.8 ne Sw 43 ne cikin ɗari, in 2 ne 50, in 2.2 ne 59. Idan kuma laka ta wuce kashi 10 zuwa 15, ana barin Archie a koma lissafin Simandoux na 1963, ko na Waxman da Smits na 1968, ko wanda ake kira na Indunusiya na 1971, wanda Poupon da Leveaux suka yi domin yashi mai laka da ruwa mai ƙarancin gishiri. A ganina shi ya fi dacewa a fara gwadawa a irin ƙasarmu. Kada kuma ka manta da ɗaya fuskar matsalar: siraran shimfiɗun yashi da laka da ke jere kamar shafukan littafi, ko ƙwayoyin fairait, suna jan turjiya ƙasa, har a wuce mai na gaskiya ana ce masa ruwa.

Inda ruwa ya yi daɗi har turjiya ta kasa raba gardama, sai a kira shaidun da ba ruwansu da gishiri. Akwai na'urar dayalektirik, wadda ke ganin ruwa a wajen 80, mai a wajen 2, dutse tsakanin 4 da 9. Akwai ta maganaɗisu mai suna NMR, wadda ke raba ruwan da ke ɗaure da wanda zai iya gudana, ta kuma ba da kimar sauƙin ratsawa, abin da sauran layuka ba sa aunawa kai tsaye. Amma sarkinsu ita ce na'urar matsi da ɗibar samfur. Tana manna baki a bango ta auna matsi a zurfi daban-daban. A ruwan daɗi matsi na ƙaruwa da psi 0.433 a kowace ƙafa, a mai wajen 0.30 zuwa 0.36, a gas yawanci ƙasa da 0.15. Ka zana su, karkatar layin za ta gaya maka abin da ke ciki, mahaɗar layukan biyu kuma ta nuna iyakar mai da ruwa ko da rijiyar ba ta ratsa ta ba. A gefe guda akwai rahoton masu duba gutsuren haƙa: ko ya yi walƙiya a ƙarƙashin fitilar UV, ko gas ɗin da ke tasowa da taɓo metan ne kaɗai, wanda ruɓar ganye a sama-sama ma kan haifar, ko yana tafe da itan da furofan da butan, waɗanda ke nuna an dafa shi a zurfi.

Bayan duk wannan ne ake yanke iyaka, misali laka ƙasa da kashi 35, kafofi sama da 10, Sw ƙasa da 60, a tara kaurin da ya tsallake. Iyakokin nan kowane fili da nasa, daga gwajin sandar dutse da gwajin kwarara ake fitar da su, ba a aro na maƙwabci. Sannan a ninka 7,758 da faɗin fili a eka, da kauri a ƙafa, da Φ, da ragowar 1 bayan an debe Sw, a raba da adadin kumburin mai, wato yadda girmansa a ƙasa ya ninka girmansa a sama. Eka 500, ƙafa 40, Φ 0.22, Sw 0.35, kumburi 1.2, ganga miliyan 18.5 ke nan a ƙasa. In Rw ya ruɗe ka, ashe Sw 0.6 ne, sun koma miliyan 11.4. Abin da za a iya fitarwa kuma sau da yawa bai wuce sulusin wannan ba.

Saura maganar mai gona, don na san da an fara famfo wani zai ce ya ga maiƙo a kan ruwa. Ruwa ba ya tsami banza, amma ka fara neman dalilin a kusa: giris ɗin da ake shafa wa bakin fayif, man kwamfaresa, dizal ɗin da ya zube a ramin taɓo. Ruwan da ke da ƙarfe, wanda ba baƙo ba ne a ƙasa mai marmara irin tamu, shi ma yana yin wani ɓawo mai sheƙi in ya kwana a bokiti. Ka soka masa tsinke: na ƙarfe yana farfashewa gutsu-gutsu ya tsaya haka, na mai yana komawa ya haɗe. In kuwa ka ga kumfa na tasowa daga rijiyar ba ƙaƙƙautawa, ko ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada kowa ya ƙyasta ashana don gwaji, kada kowa ya leƙa kai, a janye mutane a sanar da hukumar ruwa ta jiha. Ka kuma gaya masa cikin ladabi cewa ko da fetur ne, tsarin mulki da dokar man fetur ta 2021 sun ɗora mallakarsa a hannun gwamnatin tarayya, lasisin nemansa kuma hukumar NUPRC ke bayarwa.

Rijiyar taku kuwa, ka ɗora layin gama a kan bayanin gutsuren da aka tara lokacin haƙa ka ga ko zurfinsu ya dace, don gutsure kan makara kafin ya iso sama. Ka sa sikirin, wato bututu mai huji da ruwa ke shiga ta cikinsa, a inda gama ya fi faɗuwa turjiya ta fi hawa tsakanin mita 180 da 205, ka bar mita ɗaya ko biyu daga lakar sama da ta ƙasa, a zuba tsakuwar da ta dace da girman ƙwayar yashin, a toshe samanta da bentonait don kada ruwan sama-sama ya gangaro. Ka rubuta lambar mitar gishiri da zafin ruwan a jikin takardar awon, ka ajiye kwafi, domin rijiya ta gaba da za ku haƙa a yankin da wannan Rw za ka karanta ta.